Batirin Zuciya da 'Yar Mannen Sukari: Shin Za Su Zauna a Jiki Ɗaya?

   

Yau wasiƙa ce za ta ja mana akalar hira. Wata 'yar uwa ce ta aiko, ta roƙa a sakaya sunanta, to mun sakaya. Ta ce surukarta, wato mahaifiyar maigidanta, a wurinsu take zaune. Hajiyar ta doshi shekara saba'in, ta daɗe da ciwon sukari, har ta kai ga allurar insulin safe da yamma. Bayan wannan kuma sai ta fara yanke jiki tana faɗuwa haka kawai, aka je asibiti aka ce bugun zuciyarta ne ya yi ƙasa, aka yi mata aiki aka sa mata batir. To akwai ƙanen maigidan da ke aiki a ƙasar waje, shi ne ya aiko da irin na'urar nan da ake mannawa a damtse, mai auna sukari dare da rana ba sai an huda yatsa ba. Murna ta cika gida. Sai ɗanta ɗan sakandare ya ɗauki takardar cikin kwalin yana karantawa, ya ci karo da inda aka rubuta cewa ba a gwada na'urar a jikin masu batirin zuciya ba. Nan take Hajiya ta ce a kai kasuwa, ita ba za a haɗa mata wuta biyu a jiki ba. Aka jefa kwali cikin durowa, yau wata uku ke nan.

Abin da ya sa ta rubuto shi ne, a cikin watannin nan sau biyu sukarin Hajiya yana faɗuwa cikin dare. Na biyun, da asuba ta leƙa ɗakin, ta tarar da ita ta jiƙe sharkaf da gumi, tana kallonta ba ta gane ta ba. Ta ce tun ranar ba ta ƙara yin barci mai nauyi ba. Tambayarta: a ɗauko kwalin nan ko a bar shi?

'Yar uwa, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan kula da kike yi wa tsohuwa. Ba kowace suruka ke tashi da asuba ta leƙa ɗakin uwar miji ba. Amsarki a taƙaice ita ce: a ɗauko kwalin, a tafi da shi wurin likitan zuciyarta ya gani, domin mutane da yawa a ƙasashe daban-daban suna ɗauke da na'urorin nan biyu a jiki ɗaya da sanin likitocinsu, suna zamansu lafiya. Amma ba zan bar ki da taƙaitawa ba, don in kin je gaban Hajiya da "an ce a rediyo" kawai, ba za ta yarda ba. Kuma tana da gaskiya. Sai kin san dalili.

Mu fara da batirin. Zuciyar kowaccenmu da 'yar wutarta take aiki. Akwai wani ɗan gurbi a saman zuciya ta ɓangaren dama da ke ba da umarnin bugawa, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya in mutum yana hutawa. Idan tsufa ko ciwo ya lalata hanyar da saƙon ke bi, bugun sai ya sauko zuwa 40 ko ma 30, jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, sai jiri, sai faɗuwa. Masu ciwon sukari sun fi sauran mutane fuskantar irin wannan, shi ya sa ba abin mamaki ba ne a samu mai sukari da batir. Shi batirin, wanda likitoci ke kira fesmeka, ɗan abu ne da bai kai kwalin ashana ba, ana binne shi ƙarƙashin fata a ƙasan ƙashin wuya, galibi ta hagu, a zura wayoyi ta jijiya har cikin zuciya. Aikinsa sauraro. In zuciya ta buga da kanta, ya yi shiru. In ta makara, ya ɗan zungure ta. Kuma ba baƙon abu ba ne a duniya: a ƙasar Suwidin aka fara dasa shi a jikin mutum a 1958, mutumin kuwa, Arne Larsson, ya rayu har 2001, ana canza masa in ya ƙare.

Ita kuma na'urar sukari, bari mu kira ta 'yar manne, faɗinta kusan na murfin kwalbar lemo ne, wasu ma ba su kai ba. A ƙasanta akwai wani ɗan zare siriri, tsawonsa kamar rabin santimita, shi ke shiga ƙarƙashin fata. Allurar da ke shigar da shi ba ta zama a jiki, fita take yi nan take. Zaren nan yana ɗanɗana ruwan da ke tsakanin tsoka da fata, ya gane yawan sukarin da ke ciki, wasu kowane minti, wasu kowane minti 5, sai a aika lambar zuwa wayar hannu ko wani ɗan injin karantawa da ke zuwa da ita. Waɗanda suka fi shahara su ne FreeStyle Libre, wadda ta fara fita a Turai a 2014, da kuma Dexcom. Ana barinta a jiki kwana 10, ko 14, ko 15, gwargwadon irinta, sannan a ɓamɓare a sa sabuwa. Ki lura da kyau: ba magani take zubawa a jiki ba, ba kuma jan mutum take yi da wuta ba. Awo kawai take yi ta kai rahoto.

To ina tsoron yake? Tsoron shi ne kada saƙon da take aika wa waya ya shiga kunnen batir, ya ɗauka bugun zuciya ne ya yi shiru a lokacin da ake bukatarsa. Tambaya ce mai ma'ana. Sai dai saƙon nan, wanda ke bi ta Bluetooth, irin wanda yaranmu ke tura wa juna hotuna da shi, rauninsa ya kai inda bai kama ƙafar ƙarfin da waya ke fitarwa in ana kira ba. Batiran zamani kuma a cikin gidan ƙarfe suke, an yi musu matatar da ke tace irin wannan hayaniya. Kai, wasu batiran ma su kansu da Bluetooth suke magana da injin likita.

Maganar takarda kuwa, ɗanki bai yi ƙarya ba, an sha rubuta haka a takardun wasu daga cikin na'urorin. Amma "ba mu gwada ba" daban, "yana cutarwa" daban. Kamar mai sayar da atamfa ce ta ce miki, "Ni dai ban wanke ta da ruwan rijiya na gani ba." Ba ta ce tana zuba ba, ta dai ƙi ɗaukar alhakin abin da ba ta gani da idonta ba. Kamfanoni suna rubuta irin wannan ne don a lokacin da suka nemi izinin sayarwa ba su sa masu batir cikin waɗanda aka yi gwaji da su ba. Duk da haka ban ce a yi watsi da rubutun ba. Ma'anarsa ita ce hukuncin ya koma hannun likitan da ya san irin batirin da ke ƙirjin Hajiya. A je masa da kwalin, da takardar, da katin batirin, wato ɗan katin nan da ake ba mutum bayan aiki mai ɗauke da sunan kamfani da lambar na'ura. In ana so hankali ya ƙara kwanciya, a roƙe shi a manna ta farko ranar da za a je duba batir, ya ɗora injinsa ya gani da idonsa ana karanta sukari a gabansa.

Yanzu ku matso kusa, iyayena, don abin da na fi so ku ji yau ke nan. Abin da ya fi cancanta a yi hattara da shi ba 'yar mannen ba ce. Wayar da za a riƙa duba sukarin da ita ce.

Ina muke ajiye waya, mu mata? Ku faɗi gaskiya. Zaninmu ba aljihu, doguwar rigarmu ba aljihu. In hannu ya shiga kwaɓin fulawa ko wanke-wanke, sai a cusa ta cikin rigar mama, ko a soke ta a bakin ɗaurin ƙirji. To daidai nan batirin yake kwance. Shi kuwa batir an ƙera shi ne da gangan yadda in aka ɗora masa maganaɗisu mai ƙarfi zai sauya aiki, don likitoci suna amfani da wannan dabarar a ɗakin tiyata. Da ya ji maganaɗisu sai ya daina sauraron zuciya, ya shiga bugawa da lissafinsa shi kaɗai, ko ta buga ko ba ta buga ba. Akwai kuma wani irin batir da ake sa wa masu zuciyar da ke rikicewa da gudu, wanda ke fizgarta da wuta ya dawo da ita hanya in ta birkice. Shi wannan, muddin maganaɗisu na kansa, ba zai yi fizgar ba ko da ana tsananin bukata. Da an janye maganaɗisun dai yawanci komai ya koma daidai, amma wa ke son a yi wasa da wannan?

Wasu wayoyin zamani suna da zoben maganaɗisu a bayansu, kamar iPhone 12 da ta fito a 2020 da waɗanda suka biyo ta. Wannan ne ya sa a 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ja hankalin masu batir cewa su nisanta waya da agogon zamani daga wurin batirin da aƙalla inci 6, wato santimita 15. In ba ki san santimita ba, ki ɗauki biron ɗanki, tsawonsa ke nan. Ko ki ware babban yatsa da na tsakiya ki yi taƙi guda, kin ma wuce. In ana cajin wayar a kan irin faifan nan mara igiya, a ninka nisan, ya zama kamar doguwar rular 'yan makaranta. In za a amsa kira, a sa a kunnen da ke nesa da batir. Ba a ce kada mai batir ta riƙe waya ba, a'a. Ta riƙe, ta kira jikokinta, ta duba sukarinta. Ƙirji ne kawai ba masaukin waya ba ne daga yau.

Kuma ba waya kaɗai ba. Kun san 'yan maɓallan nan na maganaɗisu da 'yan mata suka fito da su na kama ɗankwali da mayafi maimakon fil? Ƙanana ne amma suna da ƙarfin tsiya, kuma a ina ake maƙala su? Ƙarƙashin haɓa, ko a kafaɗa, ko a ƙirji. Mai batir ta bar wa jikoki wannan ado, ta koma wa fil ɗinta. Haka jakar hannu mai maɓallin maganaɗisu, kada a rungume ta a ƙirji a mota. Haka abin sauraro na kunne, kada a rataye shi a wuya yana reto a kan batir. Har rediyon nan da kuke saurarena da shi, akwai maganaɗisu a cikin lasifikarsa. Na san akwai tsofaffin da ke kwanciya su ɗora shi a ƙirji don kada su rasa ko kalma ɗaya. Mun gode da ƙauna, Hajiya, amma a ajiye mu a gefen tabarma, za ki ji mu. Janareta in yana aiki kada ki tsaya kansa ko ki jingina da shi, injin markaɗe ma haka, a bar wa yara. Dutsen guga, firji, talabijin, fanka, duk ba komai.

Ga wani ɗan lissafi da zai taimake ki, ke mai wasiƙa. Yawancin 'yan mannen yanzu suna ƙara in sukari ya yi ƙasa, amma sai wayar ko injin karantawar na kusa, kamar taku bakwai zuwa takwas, kuma bango yana rage nisan. Ke nan wayar ba za ta kwana a ɗakinki ba, ba kuma za ta kwana a ƙirjin Hajiya ba. A kan ɗan tebur ko kujera a gefen gado, da caji a cikinta, da sautinta a buɗe. Da yake wutarmu sai a hankali, a riƙa cika ta tun da rana. In kunnen tsohuwa ya yi nauyi, wata jika ta riƙa kwana da ita. Akwai kuma manhajar da ke tura lambar zuwa wayar wani, LibreLinkUp ga masu Libre, Dexcom Follow ga masu Dexcom, in akwai intanet. Ke kina ɗakinki, ko maigida yana kasuwa, ko ƙanensa yana can wata ƙasa, kowa na iya ganin sukarin Hajiya. Ga mu da ba kullum muke fita ba, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai a nemi yardarta tukuna. Babba ce. Kada a mai da ita abin gadi, ta kai loma ɗaya ta alkaki baki sai ga kira daga ƙasar waje ana yi mata faɗa.

A wane hannu za a manna? In batir na hagu, a sa a bayan damtsen dama. In na dama ne, a sa a hagu. Kada a kuskura a manna a ƙirji ko kusa da tabon aikin. Ba don wuta kaɗai ba, har don ƙwayoyin cuta: mai sukari ta fi saurin kamuwa, kuma in ƙwayar cuta ta shiga aljihun da batir ke ciki, sau da yawa sai an cire shi gaba ɗaya. Duk ranar da kika ga wurin batir ya yi ja, ko ya kumbura, ko yana zafi, ko yana fitar da ruwa, ba maganar man zafi ko ruwan ɗumi ba ce, asibiti ne a ranar. Kafin a manna, a wanke wurin da sabulu, a goge da auduga mai sifirit, a bari ya bushe ƙarau. Ban da man shafawa, ban da turare, in ba haka ba gumin bazara zai ɓamɓare ta kafin kwana uku, kuɗi sun tafi a banza. Masu batir da yawa suna shan maganin tsinka jini, don haka in an ga ɗan jini wajen mannawa a danna da auduga. In ya ƙi tsayawa a cire. Wanka ba ya hana ta aiki, alwala kuwa ba ta ma kai wurin ba tunda a saman gwiwar hannu take. Waɗanda ba a buɗe ba a ajiye su a wuri mai sanyi marar laima, ba ɗakin da kwano ke gasawa da rana ba, ba kuma cikin ƙanƙara ba. A duba kwanan watan lalacewa, musamman ke da kwalinki ya yi wata uku a durowa.

To, me ya sa na nace a ɗauko ta? Saboda daren nan da kika ba mu labari. Faɗuwar sukari ga mai ciwon zuciya ba abin wasa ba ne, tana iya birkita bugun zuciyar kanta. Kuma ga inda gizo ke saƙa: alamomin da ke gaya wa mutum sukarinsa ya faɗi su ne rawar jiki, faɗuwar gaba, gumi, yunwa, jiri. Wanda ya daɗe da ciwon, jikinsa kan daina ba shi wannan gargaɗi. Wasu magungunan zuciya da hawan jini, irin su atenolol da bisoprolol, su ma suna danne faɗuwar gaban da rawar jikin, sai dai gumi ya rage. Ke nan tsohuwa na iya tafiya daga lafiya lau zuwa ruɗewa ba tare da ta ji komai a tsakani ba, balle cikin barci. Na'urar ita ce za ta yi kukan da jikin ya daina yi.

Sannan ga ruɗani na biyu. Jiri ya kama Hajiya: sukari ne ko batir ne? Da, sai zato. Yanzu kallo ɗaya za ki yi wa waya. In lambar ta yi ƙasa da 70, sukari ne. Ku riƙe wannan lamba, 70. A wasu injinan da takardun asibiti za ku ga 3.9, 'yan uwanmu na Nijar kuma za su ga 0,70, duk abu ɗaya ne, ma'auni ne ya bambanta. In tana cikin hayyacinta tana iya haɗiya, a dama mata sukari cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ko zuma babban cokali ɗaya, ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi. A jira minti 15 a sake dubawa. In bai hau ba a maimaita. In ya hau a bi da abinci mai riƙe ciki. In ya kai ƙasa da 54, abin ya yi tsanani, a gaggauta. In kuwa ta suma ko ba ta iya haɗiya, don Allah kada a ɗura mata komai a baki, shaƙewa za ta yi. A kwantar da ita ta gefe, a nemi mota. Amma in kin duba kin ga sukari lafiya lau, 110 ko 140, ga kuma jiri, ko suma, ko numfashi sama-sama, ko ciwon ƙirji, ko shaƙuwar da ta ƙi tsayawa, to kada ki tsaya dama sukari. Wannan na zuciya ne, a tafi asibiti da katin batir a hannu. Ina roƙon iyayenmu maza da ke saurare ta bayan labule, na san kuna ji: a ba da izini tun yau, tun kafin ranar ta zo, cewa in irin wannan ta faru maigida ba ya nan, a fita da mara lafiya ba sai an jira ya dawo ko ya ɗaga waya ba. A kuma ajiye kuɗin mota da lambar mai Keke Napep na unguwa a inda kowa ya sani.

Kada kuma ku jefar da tsohon injinku na huda yatsa. 'Yar manne ba jini take aunawa kai tsaye ba, ruwan jiki ne, shi kuwa yana bin bayan jini da kamar minti 5 zuwa 15. Shi ya sa akwai 'yar kibiya a gefen lambar: in ta kalli ƙasa sukari na sauka, in ta kalli sama yana hawa. Lamba 90 da kibiya a miƙe, ba damuwa. Lamba 90 da kibiya ta nutsa ƙasa, a shirya. Wani lokaci kuma takan yi ƙarya. In mutum ya kwanta ya danne hannun da take, sai ta nuna sukari ya faɗi alhali bai faɗi ba. Ranar farko ma takan yi 'yan kame-kame kafin ta zauna. Duk lokacin da abin da waya ta ce ya saɓa da abin da jiki ke ji, a huda yatsa, shi ne alƙali. Wasu magunguna su ma suna ruɗa ta. Bitamin C mai yawa, irin ƙwayoyin nan da ake jefawa a ruwa suna tafasa in ana mura, yana sa Libre ta nuna lamba sama da gaskiya, kin ga sukari na iya faɗuwa ba ta yi ƙara ba. Farasitamol in ya yi yawa yana yi wa wasu irin haka. Maganin nan hydroxyurea da ake ba masu sikila yana ruɗa Dexcom. A gaya wa likita duk abin da ake sha, har na gargajiya.

Abin da ke ba mutane mamaki in sun fara sa ta shi ne ganin abin da abinci ke yi musu ƙuru-ƙuru. Ki sha koko da sukari da safe ki ga layi ya miƙe sama kamar an harba shi. Ki ci tuwon shinkafa malmala biyu ki gani. Washegari ki ci ɗanwake ko alala, ko ki rage tuwon ki yawaita miyar ganye da zogale, ki ga bambanci. Ba wanda ya yi miki wa'azi, idonki ya gani. Abin da likitoci ke so ga yawancin masu sukari shi ne lambar ta zauna tsakanin 70 da 180 a mafi yawan yini, kamar awa 17 cikin 24. Ga tsofaffi da masu ciwon zuciya irin Hajiya ana sassautawa, an fi damuwa da kada ya faɗi a kan a matse shi. Saboda haka in kin ga 200 bayan cin abinci kada ki rikice ki ƙara mata allura da kanki. Ƙara insulin a kan insulin shi ke kawo faɗuwar dare. Ki bar na'urar ta tara labarin sati biyu, ki kai wa likita, shi zai ga ƙarfe nawa yake sauka, ya gyara allurar yamma. Ina kyautata zaton a nan maganin matsalarku yake.

Masu niyyar azumi, a je wa likita tun kafin wata ya kama, don akwai waɗanda zai ce kada su yi, kuma mai insulin da ciwon zuciya da sukarinta ke faɗuwa da dare tana sahun gaba a cikinsu. Wadda aka yarje wa, ƙa'idar masana ita ce in sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a karya, ko da saura kaɗan a sha ruwa.

In za a yi hoton asibiti, musamman na babban injin nan mai kama da rami da ake kira MRI, a faɗa musu abu biyu tun a bakin ƙofa: akwai batir, akwai 'yar manne. Injin nan gaba ɗayansa maganaɗisu ne. Wasu batiran an yi su yadda za su shiga bayan likitan zuciya ya saita su, wasu ba sa shiga sam. 'Yar manne ma wasu irin sai an cire. Haka a filin jirgi in Allah ya kira mutum Hajji ko Umara: a nuna kati, a wuce ta ƙofar bincike ba tare da tsayawa a cikinta ba, a kuma roƙi mai sandar bincike kada ta ajiye ta a kan ƙirji. Kar a ji kunya, sun saba gani.

Saura maganar kuɗi, don na san wata na can tana cewa, "Mu da ba mu da ɗa a waje fa?" Gaskiya ce, na'urar nan tana da tsada, kuma ba sayen sau ɗaya ba ne, duk sati biyu sai sabuwa. Ba kowace mai sukari ke bukatarta ba. Wadda ke shan metformin kaɗai, da wuya sukarinta ya faɗi, injin yatsa ya ishe ta. Waɗanda ta fi yi wa rana su ne masu allurar insulin, da masu shan irin su glibenclamide da ke iya kayar da sukari, da wadda ta daina jin alamun faɗuwarsa. Ko a cikinsu, in hali bai kai a riƙa sawa kullum ba, ana iya sa guda ɗaya sati biyu kafin ranar ganin likita, a samu labarin da za a gyara magani da shi. Wadda ba ta da halin ko ɗaya, ta auna da yatsa kafin ta kwanta, kada ta yi allura ta kwana da yunwa, ta ajiye sukari da ruwa a inda hannunta zai kai cikin duhu. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a fasa sayen insulin ko a tsallake ranar duba batir don a tara kuɗin 'yar manne. Batir ana duba shi duk wata shida ko shekara, yadda likita ya tsara, don a san saura nawa ƙarfinsa, tunda yakan yi shekaru ne ya ƙare a canza.

Ke kuma mai wasiƙa, ki samu Hajiya bayan la'asar in ta huta, ba a gaban yara ba. Ki ce mata, "Hajiya, ba wuta ba ce, awo ne, kuma ba za a sa ba sai likitanki ya gani ya yarda." In ta ga dama ki fara manna ɗaya a naki damtsen ta ga ba ciwo, in akwai rara. Kafin ranar asibitin ta zo, tun daren yau, a gaya wa likitan da ke ba ta insulin cewa sau biyu ta faɗi, kada a jira, don wataƙila ya rage allurar yamma tun yanzu. Ki rubuto mana yadda kuka yi.

Lokaci ya yi mana halinsa. Masu tambaya a kan wannan ko wani abin da ya shafi lafiyarmu, a ba yara wasiƙa su kawo, ko a turo saƙo. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum.